Malam Jibo Ya Bar Ni da Gadin Tofa

Ina zaune bakin ƙofar ɗakina da hantsi, ina wasa lauje a kan dutse, sai na ga inuwar mutum ta faɗo bisa hannuna. Na ɗaga kai, Garba ne, babban ɗan Malam Jibo. Bai yi sallama ba, bai durƙusa ba, shi da ko a hanyar rafi ya gamu da ni sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Ya tsaya yana murza hularsa. Na ce, "Kai, ubanka ne ya turo ka ka leƙo ko na gama wasa laujen? Je ka ce mashi ina tafe." Ya ce, "Gwaggo, Malam ya cika. Ya idar da sallar asuba ya kishingiɗa, shi ke nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye laujen a hankali, na rasa inda zan sa hannuwana. Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Ka ga mutumin nan ko? Sai da ya bari tofa ta ƙosa."

Ku da kuka tako daga Tsiga da Malumfashi da ƙauyukan bayan dutse kuka yi mana ta'aziyya, da ku da za a karanta wa wannan takarda, kada ku ɗauka rashin ladabi ne. Ni da marigayi taubasai ne: uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun ina tatata ake ce mani wancan mai ƙaton kan abokin wasanki ne, duk abin da kika gaya mashi ba laifi. Na kuwa gaya mashi, tun muna yawo tsirara har muka yi furfura, kuma ban gama ba Allah Ya karɓi abinSa. Sunana Ige. Shi bai taɓa kirana da shi ba sai in ina kwance ba lafiya. Uwar Lauje yake ce mani, ni kuma in ce mashi Sarkin Tsutsa.

Zan fara da abin da ya wajaba a faɗa. Malam Jibo mutum ne mai tsoron Allah. Ya yi karatu gwargwado, ya karantar da 'ya'yan maƙwabta a zaurensa, bai taɓa neman ladan kowa ba. Dawarsa da audugarsa da guminsa ya noma su. In ya kai auduga kasuwar Maska, ba ya ɓoye mai datti a ƙasan kwando ya shimfiɗa fara a sama. Ban taɓa jin muryarsa ta haura danga ba. In jakin wani ya faɗa gonarsa, sai ya shayar da jakin kafin ya mayar wa mai shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma an gaya mani Liman ya faɗe shi a bakin kabari fiye da yadda zan iya. Amma Liman bai yi shekara da shekaru yana kwana ƙarƙashin jinka mai yoyo saboda Jibo ba. Ni na kwana.

A ƙasan gonarsa, inda tudu ya ƙare fadama ta fara, akwai wani fili na tofa, faɗinsa bai wuce na masussuka babba ba. Duk wanda ya taɓa baibayar ɗaki ya san tofa: in aka yanta ta da kyau, damina kan zo ta wuce ba ka ji ɗigo ba. Ta kowa ana yanke ta da kaka, a ɗaure, a banka wa tushen wuta don ta sake tohowa. Ta Jibo kaɗai ce lauje bai taɓa shiga ba, wuta ba ta taɓa lasa ba. In maƙwabta za su yi ƙuna, sai ya bi gefenta da fartanya ya share tas, ya tsaya da ɗanyen reshe a hannu kamar mai gadin rumbun sarki.

Tun rasuwar maigidana jinkata ta fara zuba. Sauran tofar da ke kusa duk da masu ita, kowa da ɗakunansa. 'Ya'yana maza suna bin fatake, in sun dawo su lallaɓa mani da ciyawar da ta samu, ruwan farko ya tona asirinsu. Saboda haka kowace kaka sai in wasa laujena, in saɓa, in nufi gidan Jibo. Ya sa matarsa Yalwa ta shimfiɗa mani tabarma a tsakar gida, ta dama fura. Ya tambayi lafiyar jikokina ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya taɓa cizonsa. Sannan in ce, "To, Sarkin Tsutsa, tofa ta ƙosa." Shi kuma ya ce, "Bari ya gama." Kowace shekara ta Allah, bari ya gama. Yakan aiko mani da kara da zana, wata shekara har ya hau jinkar da kansa ya toshe ta da abin da ya samu, ya kusa karya ƙugu. Amma tofa, ko tsinke.

Wanda ake jira ya gama ɗin nan, kada ku zaci wani babban baƙo ne. Malam-buɗe-littafi ne, kuma ba irin manyan nan masu ado da yara ke bi da gudu ba. Wani ɗan ƙanƙane ne, bai fi kan babban yatsa ba, launinsa launin busasshiyar ƙasa, da 'yan ɗige-ɗige farare a fiffike kamar an watsa mashi tsaki. Jiki kakkaura, kai ƙato, idanu ƙwala-ƙwala, ga ƙahonni biyu sirara masu lanƙwasa a baki kamar ƙugiya. In ya sauka ma ba ya zama kamar na kirki: fiffiken gaba a ɗage, na baya a shimfiɗe, kamar baƙon da aka ba tabarma ya ƙi sakin jiki. Tashinsa kuwa ba tashi ba ne, zabura ce. Yana nan, ka ƙifta ido, ba ya nan. Don haka Jibo ya raɗa mashi suna ɗan-zabura, kuma a ƙasar nan kaf ba wanda ya san sunan sai shi da waɗanda ya azabtar da labarinsa. Ni ce kan gaba.

Tun muna yara abin ya kama shi. An tura mu korar tsuntsu a gonar gero, ni ina ihu ina jifa har murya ta dushe, shi yana kwance rub-da-ciki yana kallon ganye. Jan-baki suka cinye gefe guda. Kawu ya zane mu tare, don bai tsaya tambaya ba.

Wata kaka, bayan mun manyanta, da na matsa mashi sai ya ce in zo in ga mai wurin da idona. Na bi shi don in ƙaro abin zaginsa. Ya zaunar da ni cikin laima, ya nuna mani wani ganye da ya tanƙwaro, ɗan-zabura na bisa yana shan hantsi. Ƙuda ya gifta, ya bi shi. Ɗan'uwansa ya gifta, suka murɗe sama kamar 'yar guguwa har suka ɓace. Na ce, "To, ya tafi, mu ma mu tafi." Ya riƙe mani gefen zane. "Zauna tukuna, zai dawo." Kafin in buɗe baki sai ga shi, bisa ganyen nan dai, ba na kusa da shi ba, ya mayar da fuska inda take. Jibo ya dube ni kamar ɗansa ne ya yi sauka. Na ce, "Mai faɗa da kowa a kan ganye ɗaya? Wannan danginku ne na wajen uwa."

Ya nuna mani harshensa, wani siririn zare a naɗe kamar gammo ƙarƙashin baki, in ya warware shi ya kusa tsawon jikinsa, ya zura cikin furen wake ko na kuɓewa. Wannan na yarda yana da kyau. Sai kuma ya kai ni wajen wani busasshen kashin tsuntsu a kan dutse, ya ce in duba. Ɗan banzan ya sauka, ya ɗiga wa kashin ruwa daga bayansa don ya jiƙa, ya zura harshe ya tsotse. Na ce, "Jibo, saboda wannan ƙazamin nake tara ƙwarya a kan gadona?" Ya ce, "Ba ya ɓarna, Uwar Lauje."

Amma abin da ya hana ni tofa ba mai fiffiken ba ne, 'ya'yansa ne. Uwar takan ajiye ƙwai ɗaya tak a kan ganye, fari, bai kai ƙwayar gero ba, ta wuce wani ganyen. Daga ciki wata koriyar tsutsa ke fitowa, mai siririn wuya da ƙaton kai, kamannin da na gaya wa Jibo na san mai su. Aikinta na farko ɗaki. Sai ta kafa zare a wannan bakin ganyen, ta kai wancan, ta dawo, ta koma, zare daga bakinta kamar na gizo-gizo, har ganyen ya rufe ya zama kamar sarewa, ta shige. Da rana tana ciki. In rana ta yi sanyi ta leƙo, ta ci gefen ganyen, ta koma. In ɗaki ya yi mata kaɗan ta bar shi ta ɗinka wani. Kashinta kuwa ba ta barinsa a ƙofa, harba shi take can nesa, Jibo ya ce don kada zanzaro da tururuwa su gane akwai mai ɗaki. Wannan ya fi komai burge shi. Yakan ce, "Ina ma mutanen garin nan na da rabin tsabtarta." In ta ƙoshi sai ta daina ci, ta bar wani farin gari kamar alli a cikin ɗakin, ta ɗaura zare a ƙugu, ta sandare. Ka rantse ta mutu. Bayan 'yan kwanaki da safe fatar ta tsage, ɗan-zabura ya fito a jiƙe, a yamutse, ya rataya har fiffike ya bushe, ya zabura.

To, ya gama ke nan ko? Haka na ce. Jibo ya ce ai wannan ya gama, amma ga ƙwai can a wancan ganyen. Da rani kuma, in ciyawa ta bushe ko'ina aka ƙone daji, ba su da mafaka sai gindin tofar nan mai laima. Wato dai babu ranar gamawa. Na tambaye shi, tsakaninsa da Allah, me abin nan ke tsinana mashi. Ba ya zuma, ba ya magani, zarensa ko ɗan tofi ba ya ɗinkawa. Ya ce, "Ban ce yana da amfani ba. Na ce yana da gida." Na ce, "Ni fa?" Ya ce, "Ke kina da baki."

Shekarar da mahara suka gangaro daga arewa, aka yi kururuwa aka buga kuge, kowa ya suri 'ya'ya da awaki muka yi cikin ganuwa. Aka duba, babu Jibo. Yalwa na da tsohon ciki, ta zube tana kuka, mun riga mun fara ba ta haƙuri. Ana shirin tura ƙyauren ƙofa sai ga shi tafe, ba da gudu ba, yana rungume da hularsa a ƙirji. Aka fizgo shi ciki. Na warce hular ina zaton wani abin kirki ya koma ɗaukowa. Ganyen tofa ne guda, a naɗe. Ya ce, "A hankali, ya kusa fitowa. Na ga ta nan dawaki za su bi." Muciya ce a hannuna, da ita na gudo ban sani ba, ranar na san dalili. Washegari muna tsugune cikin tsoro, ba wanda ya karya kumallo, abin ya fito a cikin hular. Jibo ya tara yaran da ke kuka ya nuna masu, suka yi tsit. Wannan ma na rubuta mashi, kada a ce na rage.

Da abin ya tsaya a kan yoyon ɗakina, da ban ɓata tawada ba. Akwai abin da ya fi shi nauyi.

Maƙwabcin gonar Jibo ta yamma Nomau ne, dattijon Maguzawan bayan dutse, mutumin kirki, tare suke gayya, tare suke korar biri. A wajensu, in ka ga wuri a cikin gona an bar shi ba sara ba ƙuna, mai gona na kewaya shi yana sunkuyawa yana magana ƙasa-ƙasa, ba sai an gaya maka ba, akwai wanda aka ajiye a wurin. Wata shekara ruwa ya ɗauke bayan shuka, dawa ta fara murɗewa. Matan gidan Nomau suka ga ko'ina ya yi fari, tofar Jibo kuwa koriya shar, suka ce lalle na cikin nan mai ƙarfi ne. Ba su tambayi kowa ba, suka kawo jan zakara suka yanka a gefenta. Da Jibo ya tarar da jini da gashi, ya je ya kamo hannun Nomau, ya durƙusar da shi, ya buɗe mashi ganye ɗaya. Nomau ya daɗe yana kallon tsutsar. Sannan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce, "Malam, mu namu ko ba komai muna roƙonsu ruwa. Kai naka me kake roƙonsa?" Ya ba da haƙuri, ya tsawata wa iyalinsa, magana ta mutu a tsakaninsu.

Amma masu zuwa ɗibar ruwa sun riga sun ga gashin zakaran. Kun san garin nan, kun kuma san zamanin da muke ciki: tun da masu tutar jihadi suka ci ƙasar nan, ba abin da Musulmi ke tsoron a jingina mashi kamar a ce yana taɓa tsafi a ɓoye. Aka fara raɗa. Wasu suka janye 'ya'yansu daga zaurensa. Na same shi na ce ya tashi ranar Juma'a ya yi wa mutane bayani, ko ya sa lauje sau ɗaya kowa ya gani. Ya ce, "Duk mai son sani ya zo in nuna mashi." Wa zai zo? Wa zai bar aikinsa ya je ya durƙusa cikin laka don a nuna mashi tsutsa? Liman kaɗai ya je, ya dawo ya ce bai ga komai ba sai halittar Allah, amma masu raɗa ba su daina ba, murya kawai suka rage. Garba ya tashi ana kiransa ɗan mai tofa. Wannan taurin kan na Jibo ya ƙona mani rai, kuma na faɗa mashi a kan idonsa ba sau ɗaya ba.

Ranar sadakar uku Liman ya sa aka kira ni bakin zaure, Garba na gefe. Ya ce a cikin jinyar da Malam ya yi da marka, ya yi wasiyya a gabansu: gida da gona na magada ne, amma tofar nan ta Ige ce. Na ce, "Da wane sharaɗi?" don na san halin mutumina. Liman ya ce, "Babu. Cewa ya yi ta yi yadda ta ga dama."

Ku dubi mugunta irin ta taubashi. Da cewa ya yi kada in yanka, wallahi kafin a watse daga makoki na aske ta ƙwal, in ce ya taso ya hana ni. Sai ya ce in yi yadda na ga dama. Na koma ɗaki, na dubi lauje a wase, na dubi rana tana leƙowa ta jinka, na zage shi tas, sannan na yi kukan da ban yi ba ranar da ya cika.

A cikin gida kuwa, wajen mata, raɗa ta farka. Ina rabon gumba na ji wata a bayana, ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta, tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa ba na cikin tofa abincinsu? Kada su waiwayo kan iyali." Yalwa na zaune cikin takaba, ta ji, ta sunkuyar da kai. Labari ya kai wa Garba. Washegarin sadakar bakwai da sassafe aka ce mani yana ƙofar gida da bakin wuta, yana kiran ƙannensa su tafi fadama. Na yafa mayafi na yanke ta gajeriyar hanya, gwiwoyina na ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ya tarar da ni zaune a tsakiyar tofar.

Ya ce, "Gwaggo, ki taso."

Na ce, "Wurina ne. Liman shaida."

"Na sani. Zan nemo maki wata ko daga Dandume ne, in ɗauko ta a kaina. Ki bar ni in kashe maganar nan. Ubana na kwance, ana cewa ya mutu da tsafi."

Na kamo wani naɗaɗɗen ganye. "Zo ka ga abin da ke ciki."

"Ba sai kin buɗe ba. Ina ɗan mitsitsi ya ɗora ni a cinya ya nuna mani. Ni na sani, Gwaggo. Mutane fa?"

Muryarsa ta karye a kan wannan. Na saki ganyen. Ɗan yana da gaskiya, uban ma yana da tasa, aka bar ni a tsakiya, zaune cikin laka.

Nomau ne ya raba mu. Ya hango hayaƙi daga gonarsa ya dogaro sanda. Da ya ji abin da ake ciki, ya ce, "Garba, in ka ƙone, cewa za su yi tsoro ka ji ka kore su. Gobe in akuyarka ta yi tari a ce ga sakayya. Wuta ba ta wanke wannan. Amma a wajenmu, inda aka ajiye wani, ba a sa mashi ƙarfe haka nan a zauna lafiya. In tsohuwar nan ta shiga da lauje da rana tsaka kowa na gani, ta fito lafiya, ta ci gaba da zama lafiya, ko jikana ba zai ƙara cewa akwai kowa a nan ba."

Na ce, "Wa kake ce wa tsohuwa?"

Ya ce, "Yarinyar nan, to."

Muka yi magana da Garba a gaban Nomau. Zan yanke ɓangaren tudu, inda ƙasa ta bushe ganye ya tsufa, masu ɗaki ba su cika sonsa ba. Ɓangaren laima a bar shi. In an kai sadakar arba'in magana ba ta mutu ba, ni da hannuna zan miƙa mashi wutar.

Ranar Juma'a na bi gida-gida na ce bayan an sauko Ige za ta yanki tofar Jibo, mai son kallo ya zo. Suka zo kuwa, har da masu goyo, suka tsaya can bisa tudu, inda in wani abu ya fito za su riga shi gudu. Na yi bisimilla da ƙarfi na sa lauje. Shekara nawa ina mafarkin wannan sara! Sai ga ni, kafin kowane kamu, ina sunkuyawa ina bin ganye da yatsa ina neman mai ɗinki. In na samu in tsallake tushen, ina tsaki. Idona ba na da ba ne, sai na kai hanci kusa. Na lura masu kallo sun zaci wani abu nake tofawa, sai na ɗaga murya na ce, "Tsutsa nake nema, mai ido ya zo ya taya ni!" Ba abin da ya fito, ba wanda ya faɗi, rana ta gasa su, suka fara zamewa. Mai maganar abinci ta tsaya har ƙarshe, ta ce wa ta kusa da ita, yadda zan ji, "Ai ba a ranar suke kamu ba. Mu dai zuba ido."

Suka kuwa zuba. Ni kuma da na farka washegari, bayana ya ƙi miƙewa. Mace mai jikoki ta wuni a sunkuye cikin laka, me ake jira? Ƙuguna kamar an daka a turmi, tofa ta yayyanka mani hannu, gwiwa ta kumbura. Da wani lokaci ne, da na kwanta na yi ta raki ana kawo mani kunu da man shafawa. Amma ina yin nishi ɗaya za a ce sun kama ta. Haka na ciji gefen zane na miƙe, na ɗauki tulu, abin da na daina tun da na yi surukai, na ratsa gari zuwa rijiya a tsaye ƙyam, ina gaisawa da kowa ina dariya. Na shiga gidan mai maganar nan na ce ta ba ni tuwo, na cinye na nemi ƙari. Da aka yi suna a unguwa na karɓe taɓarya daga hannun 'yan mata na yi lugude. In na dawo in tura ƙyaure, in kife bisa gado, in ce, "Jibo, Allah Ya isa..." sai in tuna inda yake, in juya ta, "Allah Ya jiƙanka." Surukata kaɗai ta sani, ita ke gasa mani baya da tsumma a ɓoye. A duk abin da ya yi mani tun muna yara, wannan ne ya fi, kuma yana kwance ya yi shi. Yanzu da bayan ya warke ina iya faɗa. Mai shakka ya zo ya ba ni tuwo ya gani.

Ranar arba'in, mai maganar nan ce da bakinta ta ce a gaban mata ai ita dama ta san Malam Jibo ba ya wannan harka, mutane ne da baki. Na dube ta na ce, "Ƙwarai kuwa, mutane da baki." Waɗanda suka janye 'ya'yansu daga zaure suka zo suka yi wa Garba gaisuwa ta biyu, doguwa. Da la'asar ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina yadda ya saba. Na jira in ji maganar wuta. Ya ce, "Gwaggo, na share gefen tofar. Masu ƙuna sun kusa farawa."

Wadda na yanka ta yi dami-dami masu kyau, daidai baibayar ɗaki ɗaya. Na shiga in yi wa Yalwa bangajiya a ɗakinta, ɗakin da na daɗe ban leƙa ba, don kullum a tsakar gida ake ba ni fura. Na ɗaga kai sai na ga sararin sama ta jinka, wuri-wuri, ya fi nawa. Ga ƙore jere a bayan gado. Na ce, "Yalwa, ke ma?" Ta ce, "Tun yaushe, Yaya. In na yi magana sai ya ce bari ya gama." Muka dubi juna, muka yi dariya har ta koma kuka. Na sa Garba da ƙannensa suka yanta tofar suka baibaye ɗakin uwarsu. Nawa yana nan yadda yake. Na wanke ƙoren tarar ruwa na kife su, suna jiran damina.

Jiya da hantsi na gangara fadama, wai in duba aikin Garba. Na zauna inda Jibo ya taɓa zaunar da ni. Ɗaya na bisa ganye, fiffiken gaba a ɗage, yana hararar duniya. Ƙuda ya gifta, ya zabura ya ɓace. Na yunƙura zan tashi sai na ji an riƙe mani gefen zane. Ƙaya ce. Duk da haka na koma na zauna. Can sai ga shi, bisa ganyen nan dai. Na ce mashi, "Kai dai ka dawo."

Ya Allah, ga bawanKa Jibo ya iso gare Ka. Ko tsutsa bai rushe wa ɗaki ba, Ka yalwata mashi nasa, Ka sanyaya shi, Ka haskaka shi. Ka yafe mashi kurakurensa da taurin kansa, ni na yafe nawa, har da yoyon. Ka ba Yalwa juriya, Ka sa ta fita takaba lafiya. Ka haɗa kan Garba da ƙannensa, Ka albarkaci gonarsu, Ka tsare su daga bakin mutane. Ka saka wa maƙwabci nagari da alheri. Mu da muka rage, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. In kuma rahamarKa ta tara mu a Aljanna, ina roƙon a ajiye ni kusa da shi, don akwai sauran magana. Amin.